Tsakiyar da Baba Ya Bar Maka

Zuwa ga ƙanena Terlumun,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Seember da yara a can Fatakwal. Allah ya ƙara mana haƙuri. Mama ta fara cin abinci kaɗan-kaɗan, an kuma tsayar da jana'izar Baba ranar Asabar ta sama a Agyaragu.

Abin da ya sa na ɗauki biro, kaina ne ya ɗaure. Ka tuna tsohon faifan nan na baƙaƙen Amurka, kiɗan jaz, wanda Baba ke bi da fito in yana huɗar doya? Fiyano ya yi kira, ƙahoni su amsa, kamar fasto da jama'a. A bayan kwalinsa muka ga rubutun Baba: a busa masa wannan ranar binne shi, amma tsakiyar taka ce.

Na kai wa Sebastian, shugaban masu busa na cocinmu a nan Lafia. Farkon bai ba su wuya ba. Daga nan ni dai ban gane komai ba: mai ƙahon cikin faifan ya kama hanyarsa, ya hau, ya gangaro, kamar akuyar da ta tsinke igiya. Sau tara na saurara, na ce ko faifan ne ya lalace. Sebastian ya yi mini dariya, wai haka ake yi, ba a rubuta tsakiyar, kowa abin da ke cikinsa yake busawa, sannan a koma farko a rufe. To yaya za a bar wa mutum gadon abin da babu shi?

Kuma Baban da ya ƙwace ƙahonka ya ce ba ka da kunne, har ka yi shekara goma sha ɗaya ba ka taka gida ba! Haƙuri yake ba ka, ko tsokana ce? Wallahi ban sani ba, na yi kuka, na kuma ji haushinsa. Ƙahon na nan ƙarƙashin gadonsa, a goge tas.

Na roƙi Sebastian ya busa wurin da kansa, ya ƙi. Ya ce in ba ka zo ba, ganga kaɗai za ta yi ta bugawa, mu tsaya a bakin kabari muna jin wurin da babu kowa.

Mama da Kawu Akaa da Fanen suna gaishe ka. Na sa an shafa wa ƙahon mai.

Yayarka,
Dooshima