Matar Wanzami ta Shafin Baya

Litinin, 3 ga Maris
Masu ta'aziyya sun ragu. Yau na shiga ɗakin zanen maigidana, Malam. Tawada ta bushe a kwalba, tabaransa na kan tebur. Na fito ban share ba.

Alhamis, 6 ga Maris
Wani direban tasi ya zo, ban taɓa ganinsa ba. Wai da zanen barkwancin Malam na shafin bayan jarida ya koyi karatu, don ya gaji da roƙon a karanta masa abin da Wanzami, jarumin zanen, ya ce. Da zai tafi ya ce, "Mama, ke ce Uwar Magana ko?" Na ce shayinka zai huce.

Uwar Magana. Matar Wanzami ta cikin zanen, mai hannu a ƙugu. Tun ina amarya duk abin da na faɗa a kicin sai Malam ya sa a bakinta, in ji shi a bakin maƙwabta. Na yi fushi har na gaji, na daina buɗe jaridar. Shi kuwa sai ya ce, "Ai ke kin fi ta kyau."

Asabar, 8 ga Maris
Babu mai tambayata me na ce ɗazu, kamar yadda Malam ya saba.

Laraba, 12 ga Maris
Editan jaridar ya zo. Yana so wata mai zane a ofishinsu ta ci gaba da Wanzami, amma sai da yardata. Na ce a binne shi da mai shi. Sai ya tuna min lokacin da aka tsare Malam saboda zanen asibitin da babu magani, da yadda magani ya bayyana kafin a sake shi. Kamar ba ni na riƙa kai masa abinci ba. Autata ta ce, "Umma, ki dai duba tukuna."

Lahadi, 23 ga Maris
Na duba. Auta ta sauko da tsofaffin jaridu daga saman kabad. Ashe duk wautar Wanzami ne ke yin ta. Gaskiyar kuma, a akwatin ƙarshe, kullum daga bakin matar take fitowa. Har maganar asibitin ma tawa ce, ina yanka albasa na faɗe ta. Na yi dariya, daga nan ban san me ya faru ba, sai ga Auta da ƙyallen share hawaye.

Talata, 1 ga Afrilu
Mai zanen ta zo da gwajinta. Ba laifi. Sai dai ta sa matar tana ihu. Na ce ba ta ihu, a hankali take faɗa, shi ya sa yake zafi. Ban ce na yarda ba. Na dai ce ta dawo jibi, kuma ta same ni a kicin.