Hajiya da Bizar Amurka

Zuwa ga ɗana Habibu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina sanyin Amurka? Yaya maiɗakinka da yara? Mu nan unguwar Ƙuba a Madina kalau muke, alhamdulillahi, sai gwiwa da ke yi mini gardama.

Da can na ji ana cewa Ba'amurke yakan loda kayansa a mota, ya bar garin da aka binne ubansa, ba mai ce masa ina za ka. Na ɗauka tatsuniya ce. Ranar Asabar a masallaci na zauna da wani alhaji baƙar fata daga can, mai jin Larabci. Ya ce gaskiya ne, abin da suke kira 'yanci ke nan. Kakanninsa da aka bautar ma, wai buɗaɗɗiyar hanya kawai suke mafarki. Yana magana ina hango namu kakannin bisa jakuna, sun nufo gabas daga ƙasar Hausa shekara da shekaru, su kuwa wurin tsayawa suke nema.

Na kai wa mahaifiyarka labarin, na haɗa da maganar bizar da kake nema mata. Ta dubi dabinon tsakar gida, ta ce, "Yaya, in na cika a can, wa zai kai ni makabartar Baƙi'a? Ka ce ya bar ni da nawa 'yancin."

To, ba za ta zo ba, Habibu. Kai da hanya ke buɗe maka, ka zo kafin azumi. Numfashinta ba kamar na bara ba ne.

Ka sa mu a addu'a, ka shafa mini kan yara.

Kawunka,
Sale