Hoton Dattijo da Kwanon Miya

Anti Elspeth, don Allah ki agaza mini da shawara. Abin nan ya tsaya mini a rai, ko mijina ban iya faɗa wa duka ba.

Shekara shida ke nan ina riƙe da ɗakin ciyarwa na wata ƙungiyar agaji a garinmu na bakin teku. Sau uku a mako muke dafa abincin rana a zauren coci, mutum kusan casa'in ke ci, yawanci tsofaffi da mata masu renon yara su kaɗai. Wata gidauniya ce ke ɗaukar nauyinmu, kuma kowace shekara sai mun sake neman tallafin kamar ba a taɓa saninmu ba.

Akwai wani dattijo, bari in kira shi Mista Buchan, ba sunansa ba ne. Shekara talatin ya yi yana tuƙa jirgin kamun kifi nasa na kansa. Bayan rasuwar matarsa ya fara zuwa wurinmu, amma bai taɓa bin ƙofar gaba ba. Ta kicin yake shigowa da jakar kayan gyara, wai ya zo duba mana famfo. Famfon nan lafiyarsa ƙalau. Sai ya ɗan taɓa shi, in zuba masa miyar wake da burodi, yana ci yana tsokanata: "'Yar nan, wannan miyar taki ko karen jirgina sai ya yi shawara kafin ya sha." Yana gama faɗa kuma ya miƙo kwano a ƙara masa. Duk mun san in ya biya kuɗin ɗumama gida, fanshonsa ba ya kai shi ƙarshen wata. Ba wanda ya taɓa furtawa.

Bana gidauniyar ta ce yawan mutane a takarda bai isa ba, tana son hotunan masu cin abincin. Rannan na ɗauke shi yana dariya, cokali a hannu. Na miƙa masa takardar amincewa, ya ce bai zo da tabarau ba, mene ne a ciki? Anti, nan laifina yake. Na ce masa, "Ba komai, takardun ofis ne." Ya sa hannu. Na daɗe ina ce wa kaina sauri nake yi, tukunya na kan wuta. Gaskiyar ita ce na san in na karanta masa zai ƙi.

An ba mu tallafin, har na shekara biyu. Sai gidauniyar ta sa hoton a mujallarta da shafinta na intanet, aka rubuta a ƙasa cewa ba don mu ba, da yunwa zai kwana. Ba ni na rubuta haka ba, amma ni na tura hoton. 'Yarsa da ke aiki a birni ta gani, ta taho tana kuka. Ashe duk sanda ta kira shi ce mata yake yi ba abin da ya rasa. Tsofaffin abokan aikinsa ma sun gani. Ɗaya ya kai masa kwalin kifi har gida, da zuciya ɗaya, shi kuwa ya mayar masa.

Sau ɗaya ya zo bayan haka, ta ƙofar gaba. Bai zauna ba. Ya ce, "Madam, nawa aka sayi fuskata?" Shekara uku yana ce mini 'yar nan, ranar Madam ya ce. Ya juya ya fita.

Wata huɗu ke nan bai dawo ba. Na aika masa abinci ta hannun maƙwabciyarsa, abincin ya dawo ko buɗewa ba a yi ba. Makon jiya na hango shi a tashar bas, rigar sanyinsa ta yi masa yawa. Na juya na bi wata hanya kamar ɓarauniya. 'Yarsa na son ɗauke shi, ya ce ba zai bar gidan da matarsa ta cika a ciki ba. Ga hunturu na tafe.

Yanzu kuma gidauniyar na son buga hoton a manyan allunan neman taimako na Kirsimeti. Shugaban ƙungiyarmu ya ce in ja bakina, ai akwai sa hannu, in tuna da bakuna casa'in. In na faɗi yadda aka samu sa hannun, tallafin na iya suɓucewa. In na yi shiru, zai ga fuskarsa a kan hanyar gidansa. Ko in ajiye aikin ne kawai, Anti?

Mai Dafa Miya

*

'Yar'uwa, sannu da ɗaukar wannan nauyi. Kin yi kuskure, kin kuma faɗe shi da bakinki, don haka ba zan ƙara miki ba. Ba muguwa ba ce ke. Shugabanku ma ba mugu ba ne, tsoron ranar da tukunya za ta ƙafe yake ji, kuma tsoron nan yana da tushe. Sai dai mutunci madara ne, na dattijon nan ya zube sau ɗaya a hannunki. Kada ki bari a ƙara.

Batun allo shi ne na gaggawa. Cikin makon nan ki sanar da shugabanku a rubuce cewa za ki tuntuɓi gidauniyar, sannan ki tuntuɓe ta. Ki ce mutumin bai san abin da ya sa wa hannu ba, ke ce ba ki karanta masa ba, a cire hoton daga ko'ina. Ba zan yi miki alkawarin ba za su ji haushi ba. Amma gara su ji daga bakinki yau, da su ji daga bakin 'yarsa bayan an kafa alluna. Ki nemo musu waɗanda za su yarda a ɗauke su bayan an karanta musu komai da babbar murya. Za ki samu.

Ajiye aiki kuwa, ke kaɗai zai sauƙaƙa wa. Ba zai ciyar da kowa ba, ba zai kuma sauke hoto ba. Ki zauna.

Shi kuma Mista Buchan, ki daina aika masa abinci. A yanzu kwanonki ciwo yake fama masa. Idan an cire hoton, ki je da kanki, da rana, hannu rabbana. Ki faɗa masa abin da kika faɗa mini, cewa kin san zai ƙi shi ya sa kika ɓoye. Kada ki ambaci mutum casa'in, kada ki roƙe shi ya dawo. Ramar da kika gani ta dame ni, ya kamata 'yarsa ta sani don likita ya duba shi. Amma ki gaya masa za ki kira ta, kada a sake yin komai a bayan idonsa.

Mai yiwuwa ya rufe miki ƙofa. Haƙƙinsa ne, yafiya ba a karɓarta da ƙarfi. Ko bai yafe ba, zai kwana da sanin cewa an zo ƙofarsa neman wani abu a wurinsa, ba kawo masa aka yi ba. Ga mutum irinsa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Allah ya sanyaya zuciyarsa, ya ba ki ƙarfin ƙwanƙwasa ƙofar.

Anti Elspeth