Shinkafarka da alkawarin da na yi wa Baffa Sule

Zuwa ga mahaifina, marigayi Malam Ado,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, na rubuto ne a kan irin shinkafarka, don na yi ɓarna kuma abin ya tsaya mini a rai.

Ka san halinta. Ciwon ganye ba ya kama ta, amma da ta nuna sai ta hau zubewa. Ina tuna ka a gonarmu ta bakin kanal ɗin ruwan noman rani a Kura, kana yanka tun da sauran ɗanyenta. Kakan ce, "Haka Allah ya haɗa ta, Kabiru, ba a raba mata hali."

Ni kuwa da taurin kaina na ce sai na raba. A ɗakin binciken da nake aiki akwai na'urar dijital PCR. Tana rarraba ruwan DNA, wato zaren gadon shuka, zuwa ɗigo dubbai, ta leƙa kowanne. In alamar juriya da ta zubewa suna yawan faɗowa ɗigo ɗaya, to manne suke a zaren. In sun watse, akwai tazara, haɗin iri zai iya raba su.

Da na gwada irinka, alamomin suka fito a watse. Da rawar jiki na tafi Bunkure na gaya wa ƙaninka, Baffa Sule, na yi masa alkawarin zan raba ta da zubewa. Bai tambaye ni komai ba. Ya ƙi sabon irin da kowa ya karɓa bana, ya dasa taka a rabin gonarsa don in sami abin aiki.

Makon jiya na gano ni ne na girgiza kwalbar ruwan DNA ɗin da ƙarfi, kamar mai kaɗa nono, zaren ya tsittsinke, shi ya sa alamomin suka watse. Na sake a hankali har sau uku. Tare suke fitowa, Baba.

Kunya nake ji, da tsoro. Shinkafar ta fitar da kai, ta kusa nuna, gwiwar Baffa ta ƙi, ba zai iya yankan gaggawa irin naka ba. Ga shi yana ta faɗa a ƙofar masallaci cewa ɗan yayansa ya kusa gyara irin.

Na ɗauki hutu a wurin aiki, na sayi lauje. Gobe zan je in faɗa masa da bakina, kuma ba zan baro Bunkure ba sai an yanke.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka. Ni kuma ya ba ni abin da zan fara ce masa.

Ɗanka,
Kabiru