Yatsunka Biyu da Robar Gam

Zuwa ga mahaifina, Malam Isiyaku,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi da durƙuso har ƙasa, irin yadda ka koya mini, ina fatan Allah Ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. Yau kwana arba'in da biyu ke nan da aka kai ka. Mama tana nan lafiya, sai dai har yanzu takan manta ta haɗa shayi kofi biyu da safe.

Baba, akwai maganar da na riƙe tun ina 'yar shekara shida. Na sha ɗaura niyyar faɗa maka. Nakan zo har bakin ƙofar ɗakinka, in ji ka ce, "Uwata, shigo mana," sai in ce ai ruwa na kawo. Sai yanzu da ba ka nan bakina ya buɗe, kuma wallahi ban ji daɗin hakan ba.

Ka tuna gidan da muka zauna a McLeansville, can Amurka, lokacin kana karatu a Greensboro. Ɗan gidan katako ne fari, ga gonar taba a bayansa, ga doguwar bishiyar nan mai ganye kamar allura. Ranar Asabar da safe Mama tana kicin tana dama kunu da niƙaƙƙiyar gyaɗar Turawa ta kwalba, tana mitar wannan ba gyaɗa ba ce. Ni da kai kuma muna zaune a ƙasa gaban talabijin muna kallon katun.

Kai, Baba, ka fi ni son abin nan, kada ma ka musa. Za a jefa muzuru cikin inji ya fito yanka-yanka kamar burodi, kowane yanki ya miƙe yana tafiya shi kaɗai. Sai ya girgiza jiki, ya koma daidai, ya ci gaba da gudunsa. Kai kuwa dariya har hularka ta faɗi. Kakan ce, "Kai, Bature da ƙarya! An yi gunduwa-gunduwa da shi, ko ɗigon jini babu." In na ba ka amsa da Turanci sai ka ja kunnena kaɗan ka ce, "Da Hausa, Uwata, da Hausa."

Kai dai dariya kake yi don ka san ƙarya ce. Ni kuwa na ɗauka haka duniya take.

Bayan lacca kana zuwa wani wurin ƙera kujeru kana yanka katako. Wata Alhamis aka kira waya, Mama ta saki ludayi ta fita ko mayafi ba ta gyara ba, ta bar ni wurin maƙwabta. Bayan kwana biyu ka dawo, hannunka na dama a naɗe kamar dami. Mama ta zaunar da ni ta ce injin ya yanke maka yatsu biyu, manuniya da ta tsakiya.

Na yi dariya, Baba. Har da tafi. Na ce ka girgiza hannun mana, ai za su dawo. Mama ta ɗaga hannu za ta kai mini mari, ka tare da hannun hagu ka ce, "Ƙyale ta, abin da ta gani ta faɗa."

Daga baya na ji cewa ka ƙi barin asibiti sai an ba ka yatsunka. Likitocin sun yi mamaki, suka yi ta kawo takardu, ka sa hannu da hagu. Alhaji Mamman, abokinka ɗan Nijar mai tuƙa tasi, ya je wani kanti a titin High Point Road ya sayo farin ƙyalle. Bayan la'asar shi ya haƙa ɗan rami a gindin bishiyar, tunda kai ba ka iya riƙe komai. Ina laɓe a bayan Mama na ji ka ce, "Jikin ɗan Adam amana ne, ba a jefa shi bola. Ranar tashi Allah zai haɗa kowa da nasa."

Na tambayi Mama yaushe ce ranar tashi. Ta ce sai Allah. Na ga abin ya yi nisa.

Don ina ganinka a waɗancan kwanakin. Loma tana suɓuce maka kafin ta kai baki. Maɓallin riga sai Mama ta sa maka. A zaman tahiya ina kallon hannunka a kan gwiwa, bandejin yana ɗan motsi, amma babu abin da zai ɗagu. Ban taɓa jin ka yi ƙorafi ba, sai dai ka daina dariya, kuma wannan ya fi damuna.

Da Asabar ta zagayo ba ka fito ba. Na zauna ni kaɗai. Aka sake yanka muzurun, wannan karon sai ya ɗauko gam ya liƙa kansa guntu-guntu, ya tashi garau. Na ce to, ashe abin da manya suka kasa ganewa ke nan. Na ɗauko robar gam ɗina ta makaranta, wadda malamarmu ta rubuta sunana a jiki, na saci babban cokalin Mama, na fita ta ƙofar baya.

Na tone su, Baba. Ni na tone su.

Abin da na gani da na warware ƙyallen ba zan rubuta shi ba, ka riga ka sani. Ba irin na talabijin ba ne. Na saki, na ruga, na yi amai a bayan mota. Sai na ji karen maƙwabta yana haushi, tsoro ya sake kama ni. Na koma na kwashe su da cokali, na tura su ƙarƙashin shinge inda ƙasa take da laushi, haka nan ba ƙyalle ba komai. Na mayar da ƙasar ramin farko, na tattake da ƙafa. Kwana biyu ina zazzaɓi, Mama ta ce sanyi ne.

Tun ranar ban ƙara zama gaban katun ba. Da hannunka ya warke ka yi ta kirana ranar Asabar, ina cewa na girma. Har yau in yarana suka kunna, na ji ƙarar nan ta yanka da dariyarsu, sai in tashi in bar musu falon.

Shekara uku muka ƙara a gidan. Duk Juma'a in ka dawo daga masallaci sai ka zagaya ka ɗan tsaya a gindin bishiyar, hannu a baya. Ni kuma ina leƙenka ta taga, na san a kan ramin banza kake tsaye. Ranar da za mu taso gida, kaya duk suna cikin motar Alhaji Mamman, ka je ka daɗe a wurin. Ka dawo kana cewa, "To, mun bar ajiya a ƙasar mutane." Na shiga mota na kifa kai a cinyar Mama.

Ka san abin da na ɗauka a raina? Na ɗauka na ɓata maka ranar tashi. Za a zo neman yatsunka inda ka ajiye a rasa, ka tashi da takwas a gaban taro saboda ni. Na girma, na yi Islamiyya, na san babu abin da yake ɓuya ga Allah. Amma 'yar shekara shidan nan da take cikina ba ta taɓa yarda ba. Ranar da aka fito da kai a makara, mata suna kuka, ni abin da yake raina ke nan.

Jiya Mama ta buɗe akwatinka na ƙarfe don a raba kaya. Ga tsohon fasfo, ga takardun karatu, ga hular da ka yi aure da ita. A can ƙasa, naɗe cikin hankici, sai ga robar gam. Ta bushe ƙamas, amma sunana yana nan a jiki. Na zauna a ƙasa da ita a hannuna.

Mama ta dube ni ta ce ashe lokaci ya yi. Ta ce a ranar da na tone su, da azahar, ka fita shan iska ka tsinci robar a gindin bishiya. Ka bi sabuwar ƙasa har shinge. Da hannu ɗaya ka tono su, ta yago maka ƙyalle daga farin ɗankwalinta, ka mayar da su wurinsu. Ta ce ta so ta zane ni, ka hana. Ka ce mata, "Kada ki taɓa ta, kada kuma ki gaya mata, sai ta kawo maganar da kanta. Likitoci sun duba sun haƙura, ni ma na haƙura. Uwata ce kaɗai ba ta haƙura ba."

Haba Baba! Kai ma da naka laifin. Kana jirana in faɗa, ina jin kunyar faɗa, muka zauna muna kallon juna har furfura ta cika maka gemu. Ashe duk lokacin da ka ce "shigo mana" ka san ba ruwa ne ya kawo ni ba. Ka karɓi kofin, ka sha, ka sa mini albarka, ka bar ni na fita. Da ka ja kunnena sau ɗaya irin na da, da na amayar da komai.

To ga shi na kawo maganar da kaina, kuma da Hausa, yadda kake so. Ka yafe mini dariyar da na yi. Ka yafe mini tonon. Ka yafe mini duk Asabar ɗin da ka kira ni na ƙi zuwa, ka zauna gaban talabijin kai kaɗai.

Robar tana wurina, Mama ta ce tawa ce. Asabar mai zuwa in Allah Ya kai mu zan zauna da jikokinka a ƙasa, in ga ko zan iya kaiwa ƙarshe.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ya Allah, ranar da za Ka tara bayinKa, Ka haɗa masa abin da yake kwance a Zariya da abin da ya bari a gindin bishiyar can, Ka tashe shi cikakke. Ka kuma tsayar da ni kusa da shi, in ga ya ɗaga manuniyarsa.

'Yarka, kuma uwarka,
Rakiya