Sunan da Suka Sa wa Baba

Yayata abar ƙauna,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar taki, yaya maigidan da yara? Mu nan lafiya, sai dai zuciya.

Jiya aka yi walimar sallamar Baba a otel ɗin da yake aikin girki. Kin san tun muna yara shugaban kicin ya sa masa Shirim, har sunan ya biyo shi gida. Mu mun ɗauka kirari ne, wai ga ɗan guntun mutum mai aikin ƙarti. Da aka miƙa masa allon girmamawa, sai na ga an zana jatan lande da hular kuku, an rubuta shrimp a ƙasa. Ma'aikata suka bushe da dariya, Baba kuwa sai rusunawa yake yana godiya.

Ina komawa gida na bincika. Sunan jatan lande ne da Turanci. Masana sun ce da alama ya samo asali daga wata tsohuwar kalma mai nufin yamushewa, kuma tun tuni da shi ake zagin ƙanƙanen mutumin da ba a ɗauka a bakin komai ba. Yaya, da wannan sunan ya tsufa a gaban tukwanensu. Da shi mu ma muke yi masa oyoyo.

Ki gaida kowa.
Ƙanwarki, Auta

Yayata,

Ina fata kun tashi lafiya, ƙafar kuma ta yi sauƙi.

Kin ce in ja bakina, amma wasiƙarki ta makara. Na tarar da Baba tsaye kan kujera yana buga ƙusa zai rataye allon a falo. Na kasa daurewa, na zayyana masa komai. Ko saukowa bai yi ba. Ya ce tun yana sabon zuwa wani mai wanke-wanke ya fassara masa. Ya ce can otel da harshensu ake kiransa, a gida da namu, kuma da na gidan yake wanke na can kullum. Sannan ya tambaye ni wa ya aike ni in shigo masa da nasu har ɗaki.

Ya gama buga ƙusar, bai rataye komai ba.

Mama ba ta sani ba, don Allah kar ki gaya mata. Har yanzu in abinci ya sauka, Shirim take ƙwala masa. In ba na kusa, ina jiyo shi yana amsawa. In ina ɗakin, sai ya yi kamar bai ji ba, har abincin ya huce.

Na fara neman ɗakin haya, ko ya samu ya riƙa cin abincinsa da zafi.

Ki sa ni a addu'a.
Ƙanwarki, Auta