Tsuntsun Katangar Tasha

Zuwa ga Maman yara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya jikin Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi. Tunda gwamnati ta yanke waya, sai takarda. Maƙwabcinmu direba ya ce zai riƙa kai miki.

Na san abin da za ki fara tambaya. 'Yarmu Bahaguwa ba ta dawo ba. Tun ranar da na ce mata 'yar ma'aikacin gwamnati ba ta zanga-zanga, ta ɗauki jakarta ta bi 'yan ajinsu zuwa dandali, ban ƙara sa ta a ido ba. Amma tana raye, ga kuma yadda na sani.

Yanzu aikinmu a sashen fenti ya koma abu ɗaya: mu fita da safe mu shafe abin da aka rubuta a katangu. Ni aka ba katangar tsohuwar tasha. Kullum sai na tarar da sabon rubutu, yau "Ya isa haka", gobe "Ku sauka", a ƙasansa kuma ɗan tsuntsu. Tsuntsun nan ne da nake zanawa a gindin allunan shaguna, wanda na koya mata tana ƙarama. Nawa ɓangaren dama yake kallo. Wannan hagu yake kallo.

Sai in tsaya in ƙare masa kallo, sannan in shafe. Na rubuta a littafina cewa wannan ba cin amana ba ne. Na soke, na kuma sake rubutawa.

Ki gaishe da Inna. Na barki lafiya.
Naki, Baban yara.

Malam,

Wa'alaikumus salam. Inna da sauƙi, har ta fara faɗa, ka san alamar lafiyarta ke nan.

Kai da littafin nan naka! 'Yarka tana kwana a titi, kai kana gida kana soke-soke. Tsuntsu zai gaya maka ko ta ci abinci? Zai gaya maka ko tarin nan nata ya tashi? Ka ajiye bokiti ka je dandalin da ƙafarka. Ban ce ka jawo ta gida ba, don taurin kanta naka ne, ba nawa ba. Ka gan ta kawai, ka kai mata rigar sanyinta, tana bayan ƙofa.

Da Inna za ta iya tashi ita kaɗai, da ka gan ni a motar direban nan ko a saman kaya ne.

Ka ci abinci. Na san ka.
Taka.

Maman yara,

Sallama da gaisuwa. Na karanta takardarki, kuma kina da gaskiya, sai dai ki ji ni.

Na je. Na tsaya bakin kantin magani da rigar a hannu. Ban taɓa ganin mutane haka ba. Direbobin bas sun ajiye aiki, ga ma'aikatan asibiti da fararen kayansu, har tsohon mai ɗinkin layinmu yana ɗaga hannu. Sojoji kuma sun jeru a ɗaya gefen. Na duba fuskoki har idona ya yi ruwa. Daga baya na tuna ko na gan ta ban san me zan fara cewa ba, sai na juyo.

Abokan aikina suna cewa mu ma mu ajiye buroshi. Jiya ɗaya ya ce min, "Malam, kai ne za ka shafe wa gwamnati katanga ta ƙarshe, sai ka kashe fitila in ka gama." Aka yi ta dariya. Ban iya gaya musu dalilina ba. In ban shafe ba, ina za ta sami farin wuri? Na jiya ne zai zauna, ni kuma ba zan san ko ta kwana lafiya ba.

Gidan ya yi girma. Kofinta yana nan inda ta bar shi, naki yana kusa da shi.

Ban rufe takardar nan ba sai da na fita aiki na dawo. Jiya an yi harbi a dandali. Yau katangar fara fat take. Babu tsuntsu.

Naki.

Malam,

Innalillahi. Ka zaga asibitoci. Kada ka ɓoye min komai, ko mene ne. Ban gaya wa Inna ba, amma tana ta kallona.

Taka.

Maman yara,

Gaisuwa. Na zaga asibitoci, ba ta ciki. Katangar dai shiru, safiya bayan safiya.

Yau na yi wani abu, ban sani ba ko daidai ne. Da rana tsaka, da kayan aikina a jiki, na ɗauki ƙaramin buroshi na zana nawa tsuntsun a tsakiyar katangar, yana kallon dama. Ban rubuta komai ba, don ban san abin da zan rubuta ba. Oga ya zo wucewa ya gani. Ya karɓe katin aikina, ya ce kada in ƙara taka ofis. Na gode masa, kin san halina.

Ina ta tunanin ko za ta biyo ta wurin. Ga wata 'yar takarda da mai kantin magani ya aiko min yanzu, direba yana jira. Na sa miki ita a ciki. Rigar sanyin tana hannuna.

Naki, Baban yara.

Baba,

Ina gaisuwa. Lafiyata lau, hannun hagun ne aka ɗaure min, ka san ba na iya zane da na dama. Na ga tsuntsun. Fikafikinsa ya ɗan karkace.

Muna da ƙyallayen zanga-zanga da yawa, babu mai rubutu. Gobe ka tsaya inda ka tsaya rannan, bakin kantin magani. Na gan ka ai. Ka zo da buroshi.

'Yarka.